HORON KARE DA LALLAMI SANA'A CE, KADA MU HANA 'YA'YANMU

Jama'ar zangonmu na Yanbu, manya da yara, maza da mata, ina roƙon mai shirya wannan takarda ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani al'amari wanda na san da yawa cikinmu za su yamutsa fuska tun ba su gama karanta kan maganar ba. Watau zancen kare ne, da na mutumin da ya ke koya wa kare aiki har ya ci abinci da wannan. Alfarma ɗaya na ke nema, kowa ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, a kan ji a majalisa an ce ɗan wane ya nuna sha'awar shiga aikin karnukan jamarik, ko kuwa yana so ya koyi horar da saluki, sai iyaye su yi ca a kansa. Wannan ya ce najasa, wancan ya ce wa zai ba mai kare 'yarsa, wani kuma ya ce ba mu gāji haka ba. Yaro ya yi shiru, ya koma gindin bango yana latsa waya, shekara ta zagayo ba aikin fari ba na baƙi. Ni ra'ayina shi ne, koya wa kare aiki sana'a ce halattacciya mai mutunci, muddin aka yi ta da lallami da tausayi, kuma mai yin ta da sanda bai iya ta ba. Ga hujjojina.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Mu fara da inda ya kamata Musulmi ya fara. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah Maɗaukaki ya halatta mana cin abin da dabbobin farauta waɗanda muka koyar suka kamo mana, ya kuma ambaci masu koyar da su, ya bayyana cewa koyarwan nan tana daga cikin abin da shi ne ya sanar da mu. To, jama'a, sana'a nawa ce cikin waɗanda mu ke yi a ofisoshi da kantuna aka ambata a Alƙur'ani da irin wannan daraja? Ni akawu ne, kullum ina tsakanin takardu da hatimi, ban kuwa ga dalilin da zai sa in ɗaga hanci ga mai wannan aiki ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito tambayar da Adiyyu ɗan Hatim ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farauta da karnuka. Daga wannan hadisi da makamantansa malamai suka fitar da alamun kare koyayye: in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya, da yawansu kuma suka ƙara da cewa kada ya ci daga abin da ya kama. Ku duba da kyau. Bambancin naman halal da mushe a nan ya rataya ne a kan gwanintar mai koyarwa. Ashe kuwa ba ƙaramin mutum ba ne.

Gaskiya ne akwai hadisin da ya yi gargaɗi cewa mai ajiye kare ba dalili ladarsa tana raguwa kullum, amma hadisin nan da kansa ya ware karen farauta da na kiwo da na gona. Gaskiya ne kuma an ce mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da kare ya ke. Ba wanda ya ce a sa kare a falo, ko a kwantar da shi kan gado kamar yadda waɗansu mutanen Turai su ke yi. Karen aiki wurinsa daban, a gona ko garke ko gidan karnuka na ma'aikata. Game da najasa kuwa, kakanninmu sun zo da mazhabar Malik, limamin Madina, wanda a wurinsa kare mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwarya sau bakwai kuwa bin umurni ne na ibada. Maƙwabtanmu Shafi'awa da Hambalawa suna ganin yawunsa najasa ne, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ko wace aka bi, magani a fili ya ke: tufafin aiki dabam, na salla dabam, ruwa da ƙasa ba su yi tsada ba. Mahauci ma da jini ya ke wuni, ba a kuwa hana shi sahun gaba ba. Zancen sayar da kare shi ne malamai suka yi saɓani a kansa, wannan a kai musu su warware. Abin da na ke magana a kai lada ce ta aikin hannu da ilimi.

BA BAƘON ABU BA NE A ƘASAR NAN

Masu cewa wannan al'adar Nasara ce su saurara. A duwatsun Shuwaimis da Jubba, cikin yankin Ha'il, ƙasar su Adiyyu ɗan Hatim ɗin nan, akwai zane-zanen mutanen dā waɗanda masu binciken tarihi suka ba da labarinsu a 2017. Sun ƙirga siffofin karnuka fiye da 300, waɗansu da igiya daga wuyansu zuwa ƙugun maharbi, an kuma ƙiyasta shekarunsu sun kai 8,000. A cikin yankinmu na Madina ma, a Al'ula, an sanar a 2021 cewa an tono ƙasusuwan kare cikin wani kabari tare da mutane, masu shekara wajen 6,000. Ƙasusuwan sun nuna alamar ciwon gaɓɓai irin na tsufa, watau karen nan ya daɗe a hannun mutane suna kula da shi har girma ya kama shi. Saluki kuwa ba sai na gaya muku darajarsa wurin Larabawan ƙauye ba.

A ƙasar Hausa ma, inda kakanninmu suka taso suka bi ta Sudan da ƙafa har suka ƙetaro Bahar Maliya, mafarauta da karnukansu su ke shiga daji, Fulani kuma da kare su ke tsaron ruga. Da ba mu san kare ba, da ba mu ce karen bana shi ke maganin zomon bana ba.

SANDA KO LALLAMI

To, ga inda gizo ke saƙar. A bakinmu kalmar horo tana da fuska biyu. In an ce an hori yaro, ana iya nufin an koya masa, ana iya nufin an zane shi. Saboda wannan sai mu ke tsammani koyarwa da duka abu ɗaya ne, balle ga dabba. Mutum ya ɗaure kwikwiyo a rana, ya hana shi abinci wai don ya yi zafi, ya zabge shi da tiyo in ya yi kuskure, sa'an nan ya ce yana horo. Wannan zalunci ne, ba sana'a ba. Annabinmu ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi, da na matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa har ta mutu, ya kuma hana dukan dabba a fuska. Duk yaron da ya karanta Arba'una ya san an wajabta kyautatawa a kan kome.

Amma bari mu ajiye zancen lada, mu dubi aiki. Wa ya taɓa ganin mai shaho yana dukan shahonsa? A ƙasar nan, inda kiwon shaho ya ke abin alfahari, kowa ya san yadda a ke yi. A ɗauke shi a hannu kwana da kwanaki har ya saba, a ba shi nama a kan safar hannu, a kira shi daga taku ɗaya, gobe daga taku biyar, jibi daga nesa, a kaɗa masa milwahi, in ya sauka ya sami rabonsa. Ranar da ka doke shi, ranar ka rabu da shi, don yana da fiffike. Kare ba shi da fiffike, shi ya sa ya ke haƙuri da mugunta, amma hankalin da ya ke koyo da shi iri ɗaya ne.

Masanan Amurka sun bi wannan al'amari da awo da lissafi. Wani malami mai suna Skinner ya nuna tun wajen 1938 cewa duk abin da dabba ta yi ta sami daɗi nan take, za ta sake yinsa. A 1951 ya rubuta bayanin yadda za a koya wa kare da ɗan ƙarfen wasan yara mai ƙara ƙas. Daga baya wata mata, Karen Pryor, ta yi aiki a tsibirin Hawai da dabbar ruwan nan da masuntanmu su ke kira abu salama. Ita ba a sa mata igiya, ba a dukanta, in ta ji haushi sai ta yi iyo ta tafi, saboda haka dole a bi ta da kifi da dabara. Littafin da matan nan ta fitar a 1984 shi ya watsa wannan hanya cikin masu karnuka.

An kuma gwada hanyoyin biyu gaba da gaba. A Jami'ar Porto ta ƙasar Fotugal an bincika karnuka 92 daga makarantun horo 7, aka buga sakamakon a 2020. Karnukan da a ke fizga da tsawa sun fi nuna alamun tsoro, an kuma sami sinadarin damuwa ya fi hawa cikin yawunsu bayan darasi. A shekaran nan dai, Jami'ar Linkon ta Ingila ta buga sakamakon gwajin karnuka 63, aka tarar waɗanda aka koyar da tukuici sun fi saurin amsa kira bisa ga waɗanda aka sa wa abin wuya mai jan lantarki. Ƙasar Wales ta haramta wannan abin wuya tun 2010. Ashe dabara ta fi ƙarfi, kamar yadda tsofaffi suka faɗa.

Akwai wani haɗari kuma wanda masu sanda ba su lura da shi ba. Kare kafin ya yi cizo ya kan yi gurnani, gargaɗinsa ke nan. In ka doke shi don ya yi gurnani, tsoron da ke cikinsa yana nan, gargaɗin kawai ka kashe. Ran da yaro ya matso kusa da shi sai cizo ba sallama.

YADDA A KE YI

Domin kada a ce maganar fatar baki ce, ga ginshiƙan aikin a taƙaice.

Na ɗaya, lokaci. Tukuici ya zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan kare ya yi abin da a ke so. In ka ce ya zauna ya zauna, ka tsaya laluben aljihu har ya miƙe sa'an nan ka ba shi, to, miƙewa ka saya. Don haka a ke amfani da alama, ko ƙaran ƙarfen nan ko kalma guda gajeriya, wadda kare ya riga ya gane ma'anarta ita ce ka yi daidai, rabonka na tafe.

Na biyu, a gutsuttsura aiki. Ba a cewa kwikwiyo ya nemo abu cikin kwantena ran farko. Yau ya dubi gwangwani a ba shi, gobe ya sa hanci a ba shi, jibi a jera gwangwani uku ɗaya kaɗai ke da ƙanshin. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, darasi gajere, kamar minti biyar, sau da yawa a yini, a tashi tun yana marmari. A garin nan da zafin bazara ya kan wuce awo 40, sai bayan asuba ko bayan magariba, ga ruwa ga inuwa, don kwalta tana ƙona tafin kare.

Na huɗu, in ya yi abin da ba a so, a hana shi cin ribarsa, a nuna masa abin da zai yi a maimako. Mai tsalle kan mutane a juya masa baya, in ƙafafunsa huɗu sun taɓa ƙasa a kula shi. Lallami ba sakaci ba ne. Akwai doka, akwai iyaka, sai dai ba azaba.

Na biyar, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na rayuwar kwikwiyo shi ne lokacin da ya ke sabo da mutane da ƙarar mota da sauran dabbobi. Wanda aka kulle a wannan lokaci da wuya ya rabu da tsoro.

In aiki ya zauna sai a riƙa rage abinci, a musanya da wasa da yabo. Mai sana'a kuma dole ya san lafiyar dabba: allurar rigakafin haukan kare, maganin kaska, da abubuwan da ke guba gare shi irin su inabi da zabibi da albasa da cakulan.

INA AIKIN YA KE

Yanzu sai mai tambaya ya ce, to, wa zai biya? Mu dubi garinmu. Tun da aka kafa Hukumar Sarki ta Jubail da Yanbu a 1975, garin nan ya tashi daga tashar masunta da alhazai ya zama birnin masana'antu. Ga tashar jiragen ruwa ta kasuwanci, ga ta Sarki Fahad, ga matatun mai, ga filin jirgin sama na Yarima Abdulmuhsin. Ƙasa mai ƙofofi irin waɗannan ba ta rabuwa da bukatar hancin kare, don har yau shi a ke dogara da shi wajen shinshino ƙwaya da abin fashewa cikin kaya. Hukumar Zakka da Haraji da Jamarik, wadda aka haɗe a 2021, tana da cibiyar horar da karnuka da masu riƙe su a Riyad, kuma a 2020, lokacin annobar korona, jamarik ta ba da sanarwar ta koya wa karnuka gane masu cutar ta ƙanshi. Ƙwayar kaftagon da a ke kamawa a tashoshin ƙasar nan, ku tuna 'ya'yan wa aka nufa da ita. Yaron da karensa ya tare buhu guda ya yi wa unguwa aikin da wa'azin shekara bai yi ba.

A nan bari in kashe wata jita-jita. Waɗansu suna cewa wai ana ɗora wa karnukan nan shan ƙwaya ne shi ya sa su ke nemanta. Ƙarya ce. Ƙwallo ko tsumman wasa karen ya ke nema. An koya masa cewa in ya nuna inda ƙanshin ya ke, wasa ya samu. Aikin nan kacokan a kan tukuici aka gina shi.

Bayan wannan akwai karnukan ceto, irin waɗanda ƙasashe da yawa suka kai Turkiyya lokacin girgizar ƙasa ta Fabrairu 2023 suna tono mutane daga ƙarƙashin gini. Akwai masu gonaki a Yanbu Nakhal da masu garken tumaki a gindin dutsen Radwa, waɗanda ke bukatar karen tsaro mai jin magana. Akwai masu saluki. Akwai kamfanonin gadi, da asibitocin dabbobi, da baƙin ma'aikata masu ajiye karnuka a gidajensu, waɗanda ke biyan mai koyarwa. Ƙasar nan kuma ta zartar da dokar jinƙan dabbobi ta ƙasashen Khalij a 2013, mai azabtar da dabba yana fuskantar tara mai nauyi. Watau hukuma ma tana bayan mai lallami.

GASKIYAR DA BA A ƁOYEWA

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sana'an nan ba ta ɗaukar mutum dubu, kuma ba a kuɗancewa da ita dare ɗaya. Aikin jamarik da na tsaro na 'yan ƙasa ne, saboda haka 'yan'uwanmu masu zama da iƙama sai su bincika abin da takardunsu suka yarje musu kafin su sa ƙafa, kada a ja wa gida fitina. Akwai cizo, akwai wari, akwai tashin asuba, dabba kuwa ba ta san Juma'a ko Salla ba. Wanda ya ke so don ya ɗauki hoto da babban kare ya ba 'yan unguwa tsoro, wannan ba shi na ke wa magana ba, shi a hana shi ma.

Sa'an nan a yi hattara da masu da'awa. Kowa yana iya buɗe shafi a intanet ya ce shi gwani ne. A Amurka akwai hukumar ba da shaidar masu horar da karnuka tun 2001, ba ta kuwa barin mutum ya zauna jarrabawarta sai ya cika awa 300 yana aikin da hannunsa. Mu ɗauki wannan ma'auni. In ka je wurin mai koyarwa ka ga karnukansa suna maƙe wutsiya suna sunkuyar da kai in ya matso, ka yi sallama ka fita. In ka ga suna rige-rigen zuwa wurinsa, ka zauna ka koya.

SHAWARA

Ga samari: ku riƙe karatu, musamman Turanci da ilimin halittu, don yawancin littattafan sana'an nan da Turanci su ke. Mai ƙoƙari ya nemi karatun likitan dabbobi, akwai shi a Jami'ar Sarki Faisal ta Ahsa da Jami'ar Ƙasim. Wanda bai sami wannan ba ya nemi asibitin dabbobi ko wani gwani ya yi masa yaranta, ko da share gidan karnuka ne da fari. Ku riƙa rubuta abin da kuka koyar kullum a littafi, da kwanan wata, da abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Ku kiyaye tsarki da salla a kan lokaci, ku kiyaye haƙƙin maƙwabta, kada karenku ya hana kowa barci ko ya tsorata mai zuwa masallaci. Ta haka ne za ku rufe bakin masu zargi.

Ga iyaye da dattawan zango: kakanninmu da suka sauka Hijaz sun yi ga-ruwa, sun yi dako, sun yi wanki da gini, ba su ji kunyar kowace sana'a ta halal ba, da guminsu kuwa aka yi mu. Kada mu da muka sami inuwa mu zo mu ƙirƙiro kunyar da su ba su sani ba. In yaro ya zo da wannan magana, a zaunar da shi a tambaye shi wurin wa zai koya, da wace hanya, ina zai ajiye dabbar. In amsarsa ta yi kyau a sa masa albarka. In kuwa ya zo neman aure, a duba addininsa da halinsa. Mutumin da ya iya haƙuri da dabbar da ba ta magana, ya bi da ita ba zagi ba duka har ta fahimta, ina tsammani 'yar mutane ba za ta sha wuya a gidansa ba.

Ina roƙon malamanmu su ɗauki wannan mas'ala su yi mana bayaninta a karatun bayan magariba, wanda kuma ya ke da wata hujja saɓanin tawa ya rubuto wa takardan nan, fili na kowa ne. Allah ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, ya sa tausayi a zukatanmu ga duk mai rai, amin. Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Yanbu.